Tsohon Butterfly yana tsallake a kan jins da kambas, daga ina za a fara?

Ƙaramin Tela:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Baƙin keken ɗinki ne gare ni, Butterfly na ƙafa, tsohon yayi. A kan atamfa da shadda da yadin maza ɗinkinsa lafiya lau. Amma da an sa jins ko kambas na jakar makaranta sai ya canja hali. Ninki biyu yana tafiya, ninki huɗu sai tsallake, in kuma aka zo gaɓar ƙafar wando inda ɗinkuna suka haɗu sai ya tsaya wuri ɗaya yana tara zare a ƙasa, wani lokaci har allura ta karye. Allurar da ke kai lamba 14 ce, zaren sama mai kauri ne irin na jins, na ƙasa na kullum. An ce mini taimin ne ya goce, wato lokacin haɗuwar allura da ƙugiyar ƙasa. Kafin in kai a kwance shi ina neman shawararku.

Baba Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka bari a taɓa taimin tukuna. Keken da ke ɗinka shadda ba tsallake ko ɗaya, da wuya a ce taiminsa ya goce. Matsalarka ta farko ka faɗe ta da bakinka: zaren jins a allura lamba 14.

Cire allurar ka shafa ta da farce. Gefe ɗaya za ka ji dogon kwari tun daga sama har ido. A cikin wannan kwarin zare yake kwanciya idan allura za ta ratsa yadi. Idan ta kai ƙasa ta fara tashi, zaren sai ya yi ɗan madauki a ɗaya gefen, bakin ƙugiya, ƙarfen nan mai tsini da ke ƙasa, ya shiga ya ɗauke shi ya zagaya da shi ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa. Ɗinkin ke nan gaba ɗaya. To in zare ya fi ƙarfin kwarin, ba ya kwanciya a ciki, yadi mai tsauri sai ya shaƙe shi, madaukin ya ƙi fitowa yadda ya kamata, ƙugiya ta wuce hannu banza. Shi ne tsallaken da kake gani. Sannan lamba 14 kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa ake rubuta 90/14 a jikin kwalinta. Idan ta sami ninki shida na jins sai ta lanƙwashe ta kauce wa ƙugiya, ko ta daki faranti, ƙarfen da take ratsa raminsa, ta karye.

Sayi 100/16 don jins ninki biyu zuwa huɗu, 110/18 don kambas da zare mai kauri. Ga gwajin da ba ya ƙarya: yanki zaren kamar kamu ɗaya, zura shi a allurar tana hannunka, ka ɗaga baki ɗaya ka karkata. In allurar ta zame ƙasa da kanta, sun dace. In ta maƙale, ƙara lamba.

Oga Mai Kujeru:
Gaskiya ne Baba. Ni dai shawarata, ya sayi allurar keken indastiriyal, DBx1 lamba 18 ko sama, ta fi ƙarfi kuma tana shiga Butterfly. Teloli da yawa haka suke yi.

Baba Mai Gyara:
Oga, tana shiga, amma ba ta zama daidai. Allurar keken gida, wadda ake rubuta wa HAx1 ko 15x1 ko 130/705H, gindinta shafaffe ne a gefe ɗaya. Wannan shafaffen gefen shi ke sa ta zauna a tazara guda daga bakin ƙugiya duk lokacin da aka ɗaura ta. DBx1 gindinta zagaye ne, kaurinsa ma daban. Idan ka ɗaure ta a Butterfly, babu abin da zai hana ta juyawa, kuma tazararta da ƙugiya ta canja. Tazarar nan da muke magana ba ta fi kaurin takarda ɗaya ba. Wani keken zai haƙura ya ɗinka, wani ya ci gaba da tsallake, wani kuma allurar ta riƙa gogar bakin ƙugiya har ta dakusar da shi. Wanda ke neman gano ciwon kekensa bai kamata ya ƙara masa wani abin zargi ba. Ya sa ta asali tukuna.

Hajiya Mai Labule:
Ƙanena, ka kuma duba fuskar da kake ɗaura allurar. A Butterfly da ire-irensa shafaffen gindin dama yake kallo, wajen wili, dogon kwarin yana hagu, zare kuma daga hagu zuwa dama yake shiga. Ka tura ta sama har ta daki maƙura kafin ka ɗaure sukurun, kuma da sukundireba, ba da yatsa ba.

Malam Tela:
Hajiya, ba a dukkan baƙin keke ba fa. Akwai Singer da shafaffen yake kallon hagu.

Hajiya Mai Labule:
Haka ne Malam, shi ya sa na ce Butterfly. Singer 15-88 da 15-91 hagu suke kallo, zare daga dama. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce ɗan yatsan ƙoshiya: in ya kwanta ta dama a sama, kamar ƙarfe ɗaya a agogo, shafaffe dama. In ya kwanta ta hagu, kamar ƙarfe sha ɗaya, shafaffe hagu. Ko ma ba wannan, zare kullum ta gefen dogon kwari yake shiga, a kowane keke.

Ƙaramin Tela:
Na gode iyayena. Na sa 110/18 ta gida, shafaffe dama. Tsallaken ya ragu sosai a ninki huɗu. Amma yanzu ƙasan ɗinkin duk madaukai ne, kuma gaɓar tana nan tana tsayar da shi. In ɗaure sukurun ƙoshiya ne?

Malam Tela:
A'a, bar ƙoshiya. Madaukai a ƙasa zaren sama ne, ba na ƙasa ba. Sa zare launi biyu ka gani da idonka. Abin da ke faruwa shi ne, zaren sama ya zagaya ƙoshiya, amma babu isasshen matsi da zai jawo kullin ya koma tsakiyar yadi. Kambas yana riƙe zare fiye da atamfa, don haka yana son matsi fiye da na kullum.

Kafin ka murɗa komai, ɗaga madanni, wato ƙafar da ke danne yadi, zare zaren gaba ɗaya ka sake sa shi. Sai madanni yana sama fayafayan tenshan, masu matse zaren sama, suke buɗewa. Wanda ya sa zare madanni na ƙasa, zaren a bakin fayafayan yake hawa bai shiga ciki ba, ko ya murɗa notin har ƙarshe ba abin da zai canja. Tun suna buɗe, ja wani ƙyalle mai tsabta a tsakaninsu, don guntun zare ko ƙura kan maƙale ta hana su haɗuwa. Ka tabbata zaren ya bi ta ɗan siririn sifirin ɗin nan da ke gefen tenshan, ya kuma shiga idon hannun da ke hawa da sauka. Daga nan sauke madanni ka ja zaren da hannu: ya kamata ka ji ya yi tauri. Sai ka riƙa ƙara matsi rabin murɗi rabin murɗi, kana gwadawa a ragowar yadin da za ka ɗinka, ninki iri ɗaya, har kullin ya ɓace a ciki.

Zaren ƙasa kuwa ka bar shi na kullum, mai ƙarfi dai na poliyesta. Jins ɗin da kake gani da ɗinki mai kauri, a fuska ake bukatar kaurin.

Mai Jakunkuna:
A nan ina da ja, Malam. Ga ƙafar wando na yarda. Amma jakar makaranta nauyi take ɗauka, musamman wajen hannu. Ɗinki ba ya wuce ƙarfin zaren da ya fi rauni a cikinsa. In sama mai kauri ne ƙasa siriri, na ƙasan ne zai tsinke. Gara a sa matsakaici sama da ƙasa iri ɗaya, a maimaita ɗinkin sahu biyu, da a sa ƙato a sama kawai. Wanda kuma ya nace sai mai kauri a ƙasa, to ya sayi ƙoshiya ta biyu ya ware ta don haka, ya sassauta ɗan sukurunta kaɗan kaɗan, kada ya wuce kwatan murɗi a lokaci guda. Gwajinta: riƙe bakin zaren, ƙoshiya tana reto. Kada ta zube da kanta, amma in ka ɗan girgiza hannu ta sauka kaɗan ta tsaya. A yi wannan aikin a kan tire, sukurun ƙarami ne ƙwarai, in ya faɗi ƙasa ya tafi.

Malam Tela:
Na yarda da kai a kan jaka. Ƙoshiya biyu ita ce dabara.

Baba Mai Gyara:
Ƙari a kan zare mai kauri: tsakanin ƙugiya da abin da ke tura ta akwai ɗan gibi, bai kai rabin milimita ba, ta nan zaren sama yake kuɓucewa bayan ya zagaya. Zaren da ya wuce kima ba ya wucewa ta nan da sauƙi, za ka ji keken yana ƙas ƙas yana fizga. Iyakar irin wannan keken ita ce zaren nailan lamba 69, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa Tex 70, da allura 18. Abin da ya fi haka na wani keken ne.

Yanzu gaɓa. Sa wandon a ƙarƙashin madanni ka tsaya daidai inda yake maƙalewa, ka duba ta gefe. Za ka ga gaban madannin ya hau tudu, bayansa ya yi ƙasa. A wannan halin ba ya danne yadin a kan haƙoran da ke jan shi, haƙoran suna motsi a banza, allura tana ta soka rami ɗaya. Kuma da yake yadin ba a danne yake ba, yana bin allura sama idan za ta fita, madauki ya lalace. Tsayawa da tsallake duk daga nan suke.

Maganinsa: idan gaban madanni ya fara hawa, tsaya allura tana cikin yadi, ɗaga madanni, cusa ninkakken kwali ko ragowar jins mai kaurin gaɓar a bayansa, sauke. Madannin ya daidaita ke nan. Juya wili da hannu, ɗinki ɗaya ɗaya, har ka hau. Idan za ka sauka daga tudun, mayar da kwalin gaba ta gefen allura don kada madannin ya kife. Kafin ma ka kawo wandon keke, ɗora gaɓar a kan katako ka rufe ta da ƙyalle ka bubbuga da guduma. Kaurin yana raguwa sosai, allura ta sami sauƙi.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a ja yadi ta baya don a taimaki keke. Jan nan shi ke lanƙwasa allura ta daki faranti.

Hajiya Mai Labule:
Kada a manta da babban sukurun da ke saman kan keke, daidai bisa madanni. Shi ke matse sifirin ɗin da ke danne yadi. Don labule mai kauri da jins sai an murɗa shi ƙasa, murɗi biyu ko uku fiye da na atamfa. Idan aka koma kan yadi mai laushi a sassauta, in ba haka ba haƙora su bar shaida.

Sai tsawon ɗinki. Kai hannun tsawo kusan ƙarshe, milimita 3 zuwa 4. In kekenka irin mai lambobi 6 zuwa 30 ne, ƙaramar lamba ita ce dogon ɗinki, sa shi a 6 ko 8. Ƙanƙanin ɗinki a kan yadi mai kauri cunkushewa yake yi. Kuma in akwai maɓallin sauke haƙori a kan shimfiɗar keken ta dama, duba ko yana matakin sama, don sau da yawa a tsakiya ake barinsa.

Oga Mai Kujeru:
Haƙoran kansu fa? Tsohon keke haƙoransa sukan cinye. Ya shafa yatsa a kai, in sun yi sulɓi ya canja, ba su da tsada. Ya kuma cire faranti ya kwashe audugar da ta daskare a tsakanin sahun haƙoran, don takan taru ta yi tauri har ta hana su tashi. Idan sun kai ƙololuwa, kamar milimita ɗaya ya kamata su fito bisa faranti, wato zurfin haƙorin duka ya bayyana. In sun gaza haka akwai sukuru a ƙarƙashin keke da ake sassautawa a ɗaga su. In aka wuce kima kuma sai su riƙa jan yadi baya.

Ƙaramin Tela:
Allah ya saka da alheri. Madaukan sun tafi, dabarar kwali ta yi aiki. Saura abu biyu. Har yanzu yakan tsallake ɗaya cikin kamar goma a kambas ninki huɗu, kuma zaren sama yakan tsattsage ya tsinke. Sannan idan allura ta sami wuri mai tauri, ƙafata tana tafiya amma allurar ta tsaya.

Baba Mai Gyara:
Madalla. Yanzu ne lokacin buɗe ƙasa ya yi.

Tsattsagewar zare kaifi ne a wani wuri. Tunda allurai sun karye a keken nan, sun bar rauni. Cire faranti ka duba bakin ramin allura a haske, za ka ga tsaga ko ɗan ƙarfe ya tashi. Cire ƙoshiya, buɗe zoben da ke riƙe ƙugiya, fito da ita, bi bakinta da bayanta da farce. Duk inda farce ya maƙale, zare ma zai maƙale. Goge da sanfefa mafi laushi, irin lamba 600 zuwa sama, a hankali, kana bin tsawon bakin, kada ka rage masa tsini. Ramin faranti kuwa, yanki siririyar sanfefa ka zura ka ja. In ramin ya buɗe ya yi faɗi, sayi sabon faranti, domin faffaɗan rami yana barin yadi ya nutse tare da allura. Wanke mazaunin ƙugiya da kananzir da tsohon buroshi, share, ɗiga mai ɗigo ɗaya.

Tsallaken da ya rage, ina zargin sandar allura. Irin wannan keken, wanda aka kwaikwaya daga Singer 15, ƙugiyarsa kaiwa da komowa take yi, kuma abin da ke tura ta a kafe yake da ƙusa a jikin sandarsa. Ba ya gocewa haka kawai. Abin da ke gocewa sandar allura ce, don sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita. Duk dukan da allura ta yi wa gaɓa mai tauri, sandar takan ɗan zame sama. A yadi mai laushi ba za ka lura ba, a kambas sai ya fito.

Ga yadda za ka auna. Sa sabuwar allura, faranti a cire. Juya wili wajenka har allura ta kai maƙurar ƙasa, ci gaba a hankali tana tashi. Idan ta tashi kamar milimita biyu zuwa biyu da rabi, bakin ƙugiya ya kamata ya iso tsakiyar allura. A daidai wannan lokacin bakin ya zama bisa idon allura da kamar milimita ɗaya da rabi. In ka ga bakin yana wucewa daidai ido ko ƙasa da shi, sanda ta hau. Cire murfin fuska, nemo sukurun da ya ɗaure sandar, sassauta shi kaɗan, sauko da ita har ma'aunin ya yi, ɗaure da ƙarfi. Yi mata alama da alƙalamin maka kafin ka fara, kuma ka kiyaye kada ta juya, don in ta juya idon allura ya karkace. Juya wili da hannu zagaye da yawa kafin ka taka. In ka auna ka ga ƙugiyar ce ba ta isowa a kan lokaci, wannan kam kai wa mai gyara.

Malam Tela:
Na biyun, wato ƙafa na tafiya allura ta tsaya, ba ya wuce abu biyu. In wilin hannu ma ya tsaya, bel ne ke zamewa. Bel na fata yana miƙewa da daɗewa. Buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinsa, yanke santimita ɗaya, huda sabon rami da ƙusa, mayar. Kada ka yanke da yawa lokaci guda, bel mai tsananin ɗauri yana sa keke nauyi. In mai ya taɓa shi, goge shi da kwarin wilin duka.

In kuwa wilin yana juyawa allura ce kaɗai ta tsaya, to farin maɓallin tsakiyar wili ne, wanda ake sassautawa idan za a naɗa zaren ƙasa a kwarkwaro. Cire ƙaramin sukurunsa, kwance maɓallin, za ka ga wasa, wato siririn zoben ƙarfe mai kunnuwa biyu a ciki da uku a waje. Kunnuwan ciki waje za su kalla, wajen maɓallin. In ka mayar ka ga sukurun yana dukan kunne kafin maɓallin ya ɗauru, cire wasan ka juya shi rabin zagaye a mazauninsa.

Oga Mai Kujeru:
Ko kuma ya sa masa moto ya huta da taka ƙafa.

Mai Jakunkuna:
Oga, ƙaramin moton da ake maƙala wa baƙin keke ba ya da ƙarfi a tafiyar hankali. Idan ya sami gaɓa sai ya tsaya yana gurnani, ka ƙara taka shi, ya fizga da gudu ya karya allura. Tsayawar nan da gurnani kuma ita ke ƙona shi. Ga aiki mai kauri ƙafa ta fi, don babban wilin ƙasa yana da nauyin da ke tura allura, kuma kana jin abin da keken yake ji.

Wani abu ga masu jaka: gam. In an manna yadi da gam kafin ɗinki, a bar shi ya bushe sarai, kuma kada a shafa shi a layin da allura za ta bi. Gam yana cika kwarin allura da idonta, zare ya manne, tsallake ya dawo. In ya taɓa, goge allurar da ƙyalle mai ɗan kananzir. Ledar kujera kuma manne wa madanni take yi ta ƙi tafiya. A sa madannin roba fari na Teflon, ko a shimfiɗa siririyar takarda a kai a ɗinka a yage. Allurar fata mai baki kamar wuƙa ta fata ce kaɗai. A kan kambas ko jins yanke zaren saƙar take yi.

Hajiya Mai Labule:
Baba, a yi maganar mai, don har yanzu akwai masu zuba man gyaɗa.

Baba Mai Gyara:
Man keke fari kaɗai, Hajiya. Man gyaɗa da duk man girki bushewa suke yi su zama danƙo, baƙin mai kuma ya yi kauri ga waɗannan ƙananan ramuka, ga ɓata yadi. Keken da ya riga ya daskare, a ɗiga kananzir a kowane ramin mai sama da ƙasa, a cire zare da allura a taka shi na ɗan lokaci, a share abin da ya fito, sannan a bi da man keke ɗigo ɗaya ɗaya. Kananzir wanki yake yi, ba ya maye gurbin mai. Keken da ke jan kansa da ƙyar ba shi da sauran ƙarfin huda kambas.

Oga Mai Kujeru:
To amma a faɗa wa yaron nan iyakar kekensa. Madannin Butterfly kamar milimita 7 yake tashi, kuma ba duk abin da ya shiga ƙarƙashinsa yake ɗinkuwa ba. Ƙafar jins, kaki, labule, kambas ninki huɗu, duk zai yi. Tamfol, fatar takalmi, kujera mai soso, bel ɗin jaka ninki uku a kan kambas kullum, wannan aikin keken da madanninsa ke tafiya tare da yadi ne, irin Juki DNU-1541 ko tsohon Singer 111W, masu cin allura 135x17. Ko indastiriyal na ɗinkin kaya irin DDL-8700 gudu ne da shi, ba don wannan aka yi shi ba.

Ƙaramin Tela:
Baba, na auna. Bakin ƙugiya daidai saman ido yake wucewa. Na sauko da sandar, na goge faranti, na rage bel. Kambas ninki huɗu yanzu ba tsallake. Abin da na lura kawai, farkon ɗinki yakan ɗan cukuikuye a ƙasa kafin ya miƙe.

Baba Mai Gyara:
Alhamdu lillahi. Wannan bakin zare ne. Jawo na sama da na ƙasa kamar santimita goma, kwantar da su baya ƙarƙashin madanni, danne su da yatsa har ka yi ɗinki uku. Fara da hannun zare mai hawa da sauka yana maƙurar sama, kuma ka soka allurar farko da wili kafin ka taka. Bayan kwana biyu kana aiki, sake duba sukurun sandar ko yana nan a ɗaure.